Kafin Turai ta haƙa sabon rami, ta fara shawo kan maganaɗisu

Cibiyar bincike ta CERN tana son haƙa rami mai zagayen kilomita 91 a iyakar Faransa da Siwizalan, domin sabuwar na'urar gwara ƙwayoyin zarra da za ta gaji ta yanzu, wato LHC mai kilomita 27, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012. Kowa sai maganar rami yake yi, alhali a ganina maganaɗisu ne zai raba gardama.

Ƙwayoyin furoton, na cikin tsakiyar zarra, da ake gwara kansu a na'urar LHC miƙewa suke son yi, maganaɗisu ne ke tanƙwara su su bi da'ira. Manyan maganaɗisun 1,232 ne, kowanne tsawonsa mita 15. Wayarsu haɗin ƙarafan niyobiyam da titaniyam ce, kuma ana sanyaya ta da ruwan heliyam zuwa digiri 271 ƙasa da sifili domin wutar lantarki mai yawa ta ratsa ta ba tare da cijewa ba.

Aikin ba ya yafe kuskure. Ranar 19 ga Satumban 2008, kwana tara da kunna na'urar, mahaɗar waya guda tsakanin maganaɗisu biyu ta narke. Kimanin tan 6 na heliyam ya ɓalle, aka ciro maganaɗisu 53 daga rami, aiki ya tsaya fiye da shekara.

To, wannan waya ta kusa ƙure ƙarfinta a tesla 8 da ɗoriya (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), sabon shirin kuwa yana neman 14 ko fiye. Babbar mafitar da ake da ita haɗin niyobiyam da kuza ce, wadda sai an naɗa ta tukuna a gasa ta a zafin digiri 650, ta fito da saurin karyewa kamar tangaran. Yin amfani da ita a ƙera dubban irin waɗannan maganaɗisu iri ɗaya, babu wanda ya taɓa yi.

Masu goyon baya za su ce matakin farko na shirin na gwara ƙwayoyin ilektiron ne, ba ya buƙatar irin wannan ƙarfi, sai an zo matakin furoton wajen 2070. Haka ne, amma alkawarin matakin furoton yana cikin hujjojin da ake kare kuɗin ramin da su. Amurka ta taɓa yin wannan gaggawa wajen gina irin wannan na'ura a jihar Teksas. Sauya fasalin maganaɗisu ya taimaka wajen kumbura kuɗin aikin, majalisa ta soke shi a 1993 bayan an kashe kusan dala biliyan 2, aka bar ramin sama da kilomita 20 ba kowa.

Kuɗin maganaɗisu kuwa ba ya tafiya a banza ko da aikin ya rushe. Odar waya da cibiyar bincike ta Fermilab da ke Amurka ta yi wa na'urarta ta gwara ƙwayoyi mai suna Tevatron ce ta koya wa masana'antu ƙera ta da yawa, kuma irinta ce ke cikin na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI da ke asibitoci a yau.