Celtic, Rangers da tukwanena

Wallahi gidan nan namu na Glasgow ya ishe ni! A ƙwallo, maigida ɗan Celtic, ƙaninsa ɗan Rangers, duk ƙarshen mako ihu a falo kamar an kama ɓarawo. An tashi wasa? Sai a ɗauko ƙuri'ar raba gardama ta 2014 kan ɓallewar Scotland: kashi 55 sun ce a zauna a Birtaniya, su har yau ƙirga suke yi! Wannan ya zagi SNP, jam'iyyar masu son a ɓalle, wancan ya tsine wa Landan. Ni fa? Ruwa tun Litinin, kayan makarantar yara sun ƙi bushewa a kan hita, auta ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, wa ya tambaya? Majalisar Scotland da ke Holyrood ce za ta wanke mini tukwane?