Jan biri da naman kazan suri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa gadin gona a ƙarshen damina ya san jan biri. Babban namijin ya ɗare kan suri yana leƙe-leƙe, sauran su afka cikin masara. Wannan ya karyo ɗaya, ya gatsa sau biyu ya yar, ya karyo wata. Kafin ka ɗaga sanda sun yi ƙura. Cikin birai babu mai gudunsa, yana kai kilomita 55 a awa guda. Ga baiwa, ga suna, amma mai gona ɓarna kawai yake tararwa.

To wannan surin da birin ya taka, akwai wata halitta a cikinsa da ba ta da ƙafa balle murya. Naman kazan suri ne, masana suna ce masa Termitomyces. Gara ce ke noma shi a ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa. Ta kawo masa ciyawa da itacen da ta tauna, shi kuma ya narkar da su su zama abincin da cikinta zai ɗauka. Haka yake shekara zagaye cikin duhu, yana ciyar da dubban bakuna. Sai ruwa ya sauka sannan ya ɗan ɓullo da laimarsa, 'yan kwanaki kaɗan, mutane su tsinka su yi miya. A Zambiya akwai irinsa da faɗin laimarsa ke kai mita 1.

Muslim ya ruwaito daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi (SAW) ya ce Allah yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, ɓoyayye.

Ni kalmar nan ta ƙarshe ce take hana ni sakat. Mun kai buhun shinkafa gidan marayu, amma waya ta riga buhun shiga, an jera yara an ce su yi murmushi. Mun tashi sallar dare, gari na wayewa kowa ya sani. Ba na ganin laifin biri, ba a ɗora masa hisabi ba. Mu aka ɗora wa.

Ɗan uwa, zauna ka lissafa, a cikin ayyukanka na wannan wata akwai guda ɗaya da babu wanda ya sani sai Allah? Na lissafa nawa daren jiya, na daɗe ban samu ba.

Allah Ka tsare mu daga riya.