Dabbar da ka ceta ba taka ba ce

Wlh da farko dariya abin ya ba ni. Muna dawowa daga aiki da daddare ni da wani abokin aikina, nan Ostareliya, sai ga kangaru kwance a gefen titi mota ta buge ta. Ni dai nace Allah sarki mu wuce, shi kuwa sai ya taka birki ya fita da tocila. Ta riga ta mutu, amma ya tsuguna ya sa hannu cikin jakar fatar da ke gaban cikinta, inda kangaru ke goyon ɗanta, ya ciro wani ɗan mitsitsin jariri, gashi bai gama fito masa ba, sai rawar sanyi yake. Ya naɗe shi da hular sanyi ya tura cikin rigarsa, ya ce in kira WIRES. Nace wace ce kuma WIRES? Ashe ƙungiya ce ta 'yan sa kai, tun 1985 suke wannan aikin a jihar New South Wales, ka kira su su turo wanda ya fi kusa da kai.

Wadda ta karɓe shi wata dattijuwa ce da ta yi ritaya, ba a biyanta ko sisi. Daga baya na je gidan nata, nan dariyata ta tsaya. Jakunkunan yadi ne a rataye, kowace da ɗan kangaru a ciki, tana tashi cikin dare tana ba su madara a kwalba kamar mai jego, kuma ba madarar shanu ba, wannan zawo take sa su har ta iya kashe su, akwai tasu ta musamman. Kowanne da littafinsa, ana auna nauyinsa ana rubutawa. Na miƙa hannu zan shafa ɗaya ta ce a'a, yawan hannu ba ya yi musu kyau, in suka saba da mutum da kare to ranar da aka sake su sun shiga uku.

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yau. Mu fa ba tausayi muka rasa ba, kowa ya san hadisin matar da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare, da wadda ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Amma a gida in yaro ya tsinci ɗan shaho ko kurciya mai karyayyen fiffike, me ke biyo baya? A ɗaura mata zare a ƙafa, ta zama tasa, a yi ta wasa da ita har ta mutu. Ni kaina na yi, ba zan yi ƙarya ba, kuma a lokacin gani nake taimako na yi. A nan kuwa doka ma ta hana ka ajiye dabbar dajin ƙasar ba lasisi, ko da kai ka cece ta. Jemage ma cewa suke kar ka taɓa shi sam sai wanda aka yi wa rigakafi, saboda wata cuta da yake ɗauka mai kama da ta haukan kare.

Na san wani zai ce malam mutane na fama da kansu wa ke ta kangaru. Gaskiya ne, kuma ba waliyyai ba ne su ma, motocinsu ne ke buge dabbobin, su ne ke sare dajin, gobarar 2019 zuwa 2020 an ƙiyasta ta shafi dabbobi kusan biliyan 3, koala kuma, wata ƙaramar dabba mai zama a kan bishiya, tun 2022 aka sa ta cikin masu fuskantar ƙarewa a wasu jihohin duk da asibitin da aka buɗe mata a garin Port Macquarie tun 1973. Kuma ba duk wadda aka kawo ake ceta ba, in ƙashin baya ya karye likita allurar mutuwa yake mata ta huta, wannan ya daɗe yana min nauyi. Abin da suka fi mu shi ne tsari kawai: akwai lambar da za ka kira, akwai wanda ya koyi aikin. Mu ma ba a rasa ba, akwai Drill Ranch a Kuros Riba da ke karɓar marayun birai, amma mutum nawa ne suka san inda za su kai mujiya ko ungulu in ta ji rauni?

Ɗan kangarun nan ya fi shekara kafin a sake shi, sai da aka haɗa shi da 'yan uwansa a wani fili mai shinge suka koyi gudun mutane. Dattijuwar ta turo min bidiyo ranar da aka buɗe ƙofar, ya yi tsalle ya shige daji ko waiwaye babu. Na rubuta mata nace kai butulu ne wannan, ta ce ai haka take so. Yanzu ni ma akwai tsohon tawul da tocila a but ɗin motata.