Ruwa aka sayar mini da sunan gas

Ranar sha biyu ga azumi, wajen ƙarfe uku na rana, injina ya mutu. Wanda ya san gidan niƙa a Kano ya san abin da ƙarfe uku take nufi a watan Ramadan: robobi da bokitai a jere tun daga bakin injin har bakin kwata, jiƙaƙƙen wake na ƙosai da alale, geron kunu, kayan miya, ga almajirai da 'yan mata kowa na rantsuwa shi ya riga zuwa. Ina cikin zuba wake sai na ji kukan injin ya canja. Ya ja, ya saki, ya sake ja kamar mai sarƙewa, ya tofar da farin hayaƙi sau biyu ta salansa, bel ya tsaya. Shiru.

Shekarata goma sha ɗaya ina wannan sana'a a Kurna, da injin gas, wato dizal, mai fiston ɗaya, irin na handil, mai tukunyar ruwa a ka. Na san halinsa kamar yunwar cikina. Na duba tanki, a cike yake, don da safen nan na juye masa jarka mai lita 25 da na sayo a gidan mai. Na danne ƙarfen da ke sassauta handil, na juya har ya ɗauki gudu, na saki. Bai tashi ba. Yarona ya karɓa ya juya har ya jiƙe sharkaf, ga azumi a bakinsa. Muka yi ta karɓa-karɓa har aka kira la'asar, injin nan ko tari bai ƙara yi ba.

Wata dattijuwa da ke suyar ƙosai a bakin titi ta tsaya a kaina da bokitinta, ta ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya, zai tashi ko na nemi wani wajen? Jarina ke nan gaba ɗaya a cikin bokitin nan." Na ce, "Baba, ki yi haƙuri, ki nemi wani wajen." Ta ɗora bokitin a ka ta nufi wani injin da na san layinsa ya fi nawa tsawo. Waken da ya jiƙa tun hantsi, a zafin Kano, ba ya jiran kowa. Washegari aka gaya mini ba ta yi suya ba, waken ya yi tsami kafin layi ya zo kanta. Har yau in na tuna tafiyarta da bokitin nan sai raina ya ɓaci.

Kada wani ya tambaye ni me ya sa ban koma injin lantarki ba. Wace wutar? Wadda za a kawo ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba? Mu da muka ga watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta shafe sama da mako a cikin duhu, mun san cewa wanda ya jingina abincin 'ya'yansa da wutar nan ya jingina da iska. Dole ce ta ɗaure mu da gas. A 2022 muna ji muna gani lita ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700, a farkon 2024 ta wuce 1,500. Mun haƙura, mun saya. To in mun saya da wannan tsada, ashe ba haƙƙinmu ba ne a ba mu gas ɗin da muka biya?

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bayan an sha ruwa na kira bakanike. Ya zo da leda ɗaya ta sifanu, ya juya handil sau ɗaya, ko tankin bai leƙa ba, ya ce, "Oga, ringi ne ya mutu, sai an sauke kan injin." Na ce masa injin da ya yi aiki lafiya tun safe, ba ya shan baƙin mai, ba ya baƙin hayaƙi, ta yaya ringi, wato zoben da ke jikin fiston, zai mutu farat ɗaya? Ya ce in na fi shi sani na gyara da kaina. Mutum yana cikin matsi, kwastomomi na watsewa, sai na ba shi kuɗi. Ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo ringi da gaskit, ya kwance mini inji ya baje kayansa a kan buhu, ƙura na sauka a kansu. Kwana biyu yana ɗaurawa. Da ya gama aka juya, shiru. Sai ya tsoma tsumma a fetur ya kara a bakin da injin ke shaƙar iska, injin ya yi wata irin ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ya yi numfashi uku ya mutu. Ya juyo ya ce mini, "Ka gani ko? Ya kusa. Yanzu saura bawul."

Nan na ce ya tattara kayansa. Wallahi wannan ba gyara ba ne, canki-canka ce da kuɗin talaka. Kuma sun yi yawa a garin nan: yaro ya yi wata shida yana wanke noti a gareji, ya sayi sifanu uku, ya zama oga. Ba mai gwada shi, ba mai tambayarsa a wajen wa ya koya, ba inda za ka kai shi in ya kashe maka inji.

A rana ta huɗu wani maƙwabcina mai walda ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran injunan Lister da na masaƙu a Bompai tun masaƙun na da rai. Ya zo a kan tsohon kekensa. Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da ni ya tambaye ni yadda injin ya mutu: farat ɗaya ne ko sai da ya yi ta ja yana saki? Wane irin hayaƙi ya yi? Me na yi masa na ƙarshe kafin ya mutu? Da na ce gas na zuba, sai ya gyaɗa kai. Ya kama handil ya juya ba tare da ya danne ƙarfen ba, handil ɗin ya cije ya dawo da hannunsa baya. Ya ce, "Ɗana, injin da ke ture hannu haka matsinsa lafiya lau. Ba ruwan ringi."

Sai ya ce a samo masa gorar ruwa wadda ake ganin cikinta. Ya zare tiyon da ke fitowa daga ƙasan tanki, ya tara, ya ajiye gorar a kan dakali ya ce kada kowa ya taɓa. Ba a yi minti biyar ba abin ya rabu biyu a gaban idona. Gas a sama, a ƙasa kuma ruwa, kusan yatsa uku, da wata baƙar laka kwance a gindi. Ruwa ya fi gas nauyi, shi ya sa yake komawa ƙasa, kuma ta ƙasa injin ke sha. Wato tun da na juye jarkar nan ruwan ke taruwa a hankali, ya cika filta, ya wuce famfon gas, har ya kai nozul ɗin da ke fesa gas.

Dattijon ya yi mini bayanin da ya kamata bakaniken farko ya sani tun yana yaron gareji. Injin gas ba shi da fulogi kamar na fetur. Fiston ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa gas, ya kama da kansa. Don haka in ya mutu ya ƙi tashi, abu uku ake nema: iska, gas, matsi. Kuma da mai araha ake farawa. A duba ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska. A buɗe murfin tanki, don ɗan ramin da ke jikinsa in ya toshe gas ba ya sauka. A duba ko sandar kashewa ta maƙale. A kwance notin filta a ga ko gas na zuwa ko kumfa ce ke fitowa, domin iska kaɗan in ta shiga layi ta isa ta hana inji tashi. Sannan a sassauta notin bututun da ke kan nozul a juya, a ga ko yana tsartuwa. Mun sassauta, mun juya, ko ɗigo bai fito ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Ya ce da a ranar farko aka zubar da tankin, aka canja filta, aka fitar da iska, da injin ya tashi kafin a sha ruwa. Amma fulanjar famfon gas ƙarfe ne da aka goge shi sumul, yana shiga gidansa ba tazarar ko silin gashi, kuma gas ɗin da kansa ne ke zame masa man shafawa. Kwana huɗu yana kwance cikin ruwa, ya yi tsatsa ya kafe. Allurar nozul ma haka. Dole na koma kasuwa na sayi fulanja da nozul da filta, bayan ringin da aka sa ni na saya a banza, alhali tsohon da aka cire lafiyarsa ƙalau, yana nan a ƙarƙashin bencina.

Na ɗauki gorar nan da jarkar na koma gidan man. Manajan ko kallon gorar bai yi da kyau ba, ya ce, "Alhaji, mutum nawa suka sha mai a nan ranar, ba wanda ya dawo sai kai? Jarkarka za ka bincika." Jarkar da shekara da shekaru ba ta san komai ba sai gas, a ɗaki take kwana da murfinta. Rabon Kano da ruwan sama wata biyar. Ta ina ruwan ya shiga? Na tambaye shi yaushe rabon da su auna tankinsu na ƙasa, tunda akwai maganin da ake shafa wa sandar awo, da ya taɓa ruwa sai ya canja launi, kuma duk mai gidan mai ya san shi. Ya ce na kawo rasit. Wane gidan mai ne a garin nan ke ba mai jarka rasit? Ko ganganci ne, ko sakaci ne suka bar tankinsu na yoyo suna kwaso mana gindinsa, ni dai ruwa na biya da farashin gas, a cikin watan azumi, daga hannun mutanen da ke tsayawa sahu ɗaya da mu a masallaci. Ban yafe ba.

Ina masu sa ido a kan gidajen mai? Sai an yi wahalar fetur ake ganinsu suna rufe gida biyu a gaban 'yan jarida. Wa ya taɓa zuwa ya tari gas a kwalba don kare mai niƙa, ko mai ƙanƙara, ko mai casar shinkafa a Dakata, ko direban tifa da motarsa za ta mutu masa a tsakiyar Kwanar Dawaki da lodin yashi?

Injin ya tashi a rana ta shida, a juyi na biyu. Yanzu duk jarkar da na sayo sai ta kwana a ajiye, na tsiyaya ta a hankali ta cikin ƙyalle, na bar na gindin, na tara kaɗan a gora na ɗaga wa rana kafin ya shiga tanki. Kwastomomi da yawa sun dawo. Dattijuwar mai ƙosai ba ta dawo ba, kullum da yamma ina ganin jikarta tana wucewa ta gabana da bokitin, ta tsallaka titi zuwa ɗaya injin.