Baban Bola a Sararin Samaniya

Shekara 22 na yi ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma a tsawon wannan lokaci ban san wani wasa ba in ban da dara da lido, su ma rabona da su tun ina saurayi. Ɗan ƙanwata da ke zaune a gidanmu yana karatu ne ya dame ni da cewa zamani ya wuce rubuta bashi a littafi, har sai da na bi shi Titin Beirut muka sayo kwamfutar tebur mai ɗan karen tsada, wai domin lissafin shago. Har yau ba a rubuta kuɗin yadi ɗaya a cikinta ba. Abin da ya fara zuba mata shi ne wani wasa mai suna Starfield, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a watan Satumba na 2023, kuma da ya ce mini girmansa ya kai gigabait 125, sai na lissafa datar da nake saya a wata, na tambaye shi ko an haɗa da fili da takardunsa.

Wani dare bayan sallar isha'i na tsaya a bayansa ina kallo, da niyyar in yi masa faɗa a kan ɓata lokaci. Na ga mutum ya sauka daga kumbo a wani gari mai dogayen benaye, ya shiga kanti, ya sayar da kaya, kuɗinsa ya ƙaru. Sai na ce masa ya matsa.

Labarin wasan yana faruwa ne a shekarar 2330, bayan 'yan Adam sun bar wannan duniya tamu sun bazu a wasu duniyoyi, waɗanda aka ce yawansu a wasan ya haura 1,000. Mutum yana farawa ne a matsayin lebura mai haƙar ma'adinai a wani wata da ake kira Vectera, ya taɓa wani baƙon ƙarfe ya suma, idan ya farfaɗo sai a tambaye shi wane ne shi da kuma sana'ar da ya taɓa yi. A nan na tafka kuskuren farko. Yaron ya ce, "Kawu, ka zaɓi direban dogon zango, domin shi yana farawa da ƙarfin ɗaukar kaya da iya tuƙin kumbo." Na dube shi na ce, ni da girmana da mutuncina ba zan je sama jannati in zama direban tirela ba. Na zaɓi jami'in diflomasiyya, saboda an ce yana da iya baki da iya ciniki, kuma a ganina babu wanda zai koya wa Bakano waɗannan biyun.

Bayan sana'a, ana ba mutum damar ɗaukar wasu halaye har uku. Akwai wanda ake ba ka katafaren gida tun farko, amma da bashin banki na kiredit 125,000 a wuyanka, kiredit kuwa shi ne sunan kuɗinsu. Wannan ban ko tsaya karanta ƙarshensa ba. Akwai kuma wanda iyayenka suke raye a birnin New Atlantis, za ka riƙa ziyartarsu, amma duk mako ana cire kashi 2 cikin ɗari na kuɗinka a aika musu. Na yi dariya har da tari, domin duk wanda ya ƙirƙiro wannan doka a matsayin nauyi bai taɓa zama babban ɗa a gidan Hausawa ba. Nan take na ɗauka, ina jin kamar an yi mini rangwame.

Daga nan wani mutum mai suna Barrett ya miƙa mini kumbonsa da ake kira Frontier, ya haɗa ni da wani mutum-mutumi mai suna Vasco, ba tare da shaida ko rasit ba, aka ce in kai ƙarfen nan ga ƙungiyar masu bincike ta Constellation. Ina tashi sama 'yan fashi suka tare ni. Kumbon yana da wuta ƙayyadaddiya da ake rabawa tsakanin bindigogi da inji da garkuwa da na'urar tsallakawa zuwa wata tauraruwa, kuma duk abin da ka ƙara wa wani sai ka rage wa wani. Ni kuwa sai na kwashe wutar kaf na zuba wa bindigogi, na bar garkuwa fayau, aka tarwatsa ni sau huɗu a jere. Sai da yaron ya ce, "Kawu, ka ɗauka ƙaramin janaretonmu ne, ba a kunna dutsen guga da firij a lokaci guda," sannan abin ya shige ni. Ya kuma nuna mini cewa bindigar haske ita ce ke cinye garkuwar abokin gaba, harsashi kuma shi ke fasa jikin kumbon, kuma idan faɗa ya fi ƙarfinka, dole ka mayar da wuta ga na'urar tsallakawa, in ba haka ba ko ka danna gudu babu inda za ka. Tun daga ranar ban sake raina ilimin da rashin wuta ya koya mana ba.

Babbar masifar ta same ni ne a wuri na biyu da aka tura ni, wani wata mai suna Kreet, inda 'yan fashin suka mamaye wani tsohon ɗakin bincike. Na gano cewa kusan duk abin da ido ya gani a wasan nan ana iya ɗauka, kuma kowane abu an rubuta farashinsa a gefe. Ka nuna wa ɗan kasuwa kaya a yashe, babu mai shi, ga kuma farashi a jiki, sannan ka ce ya wuce? Na kwashi kofunan shayi da alƙaluma da faranti da tukwanen fure da fayil-fayil na ofis, na kwashi kwalkwali da rigunan 'yan fashin da suka mutu, har da takardar bayan gida ban bari ba. Kwalaben giya kaɗai na tsallake, su da wani burodi mai nama a ciki wanda ban san wanda ya yanka ba. 'Yan fashi suna harbina ta baya, ni kuwa ina durƙushe a gaban durowa ina duba ko an manta da cokali.

Can sai na lura mutumina ya fara haki. Ashe abin da mutum zai iya ɗauka a farkon wasa bai wuce kilo 135 ba, ni kuwa na ninka hakan har da ɗoriya. Idan kaya suka yi yawa, duk takun da ka yi yana cin iskar shaƙarka, idan ta ƙare gurɓatacciyar iska ta taru, allon ya fara duhu, lafiyarka ta fara zuba. Mafi muni, wasan yana da hanyar da za ka buɗe taswira ka koma kumbonka nan take, amma ba ya yarda da wanda ya yi lodi fiye da ƙima. Haka na dinga tafiya kamar kurar ruwa a hawan Dala, in yi taku ashirin in tsaya in huta, Vasco yana biye da ni hannu rabbana. Yaron yana ta roƙona, "Kawu, don Allah ka zubar da tukwanen furen nan." Na ce masa ba a zubar da dukiya a gabana. Na fi rabin sa'a ina wannan jan jiki, kumbon ya bayyana a gabana ke nan sai aka ɗauke wuta.

A cikin duhun ne, ina laluben tocila, ya tambaye ni a hankali ko na danna F5. Na ce mene ne F5? Ya ce maɓallin da ke adana wasa nan take ne, kuma duk mai zaune a Kano ya kamata ya riƙa danna shi kamar yadda yake ƙifta ido. Da aka tayar da janareto sai na tarar da kaina a can baya, kusa da ƙofar ɗakin binciken. A nan ne kuma ya tuna ya gaya mini cewa ana iya ɗora wa Vasco kaya, kuma kumbon yana da rumbu na musamman. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa tun farko ba, ya ce ya faɗa sau uku ina cikin ƙirga cokula.

Na isa New Atlantis, babban birnin da ke duniyar Jemison, da zuciyar wanda ya shigo da kwantena daga Legas. Mai kantin farko ya ba ni abin da bai kai rubu'in farashin da ke rubuce ba, kuma babu wurin cewa albarka, babu wurin juya baya a yi kamar za a tafi domin a kira ka. Iya cinikin da na zaɓi diflomasiyya dominsa bai ƙara mini komai ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kofin da na kusa mutuwa a kansa bai sayi harsashi ko ɗaya ba. Sannan ban sayar da rabin kayan ba kuɗin mai kantin ya ƙare, domin yawancinsu kiredit 5,000 ne kawai a aljihunsu, sai dai ka nemi kujera ka zauna ka jira kwana ɗaya ko biyu na lokacin wasan kafin su sake samun kuɗi. Wannan aƙalla na saba da shi, domin ina da abokan ciniki da ke cewa in dawo jibi tun bara. Daga baya na gane cewa abin da ya cancanci ɗauka shi ne harsashi da magani da kuɗi, waɗanda ba sa ƙara nauyin kirki, da wasu ƙananan mabuɗai na buɗe akwatuna, sai kuma bindiga ko rigar da farashinta ya rinjayi nauyinta. Lissafi ne da na sani tun ina yaron shago, wato a raba kuɗin kaya da kuɗin dako, amma kwaɗayin banza ya mantar da ni.

Da na kai ƙarfen ofishin Constellation, shugabarsu Sarah Morgan ta zama abokiyar tafiyata. Mace ce mai tsare gida, ba ta son sata ko kaɗan. Ni kuwa ban san cewa a cikin gari duk kayan da ke da jar alama na wani ne ba, na miƙa hannu na ɗauki wani abu a kan teburin kanti, sai rubutu ya fito cewa ranta ya ɓaci, masu gadi kuma suka taso. Na ɗaga murya na ce, "Haba Saratu, ai dubawa kawai nake yi." Ban lura cewa uwargida tana wucewa ta bakin ƙofar falo a lokacin ba.

Kwana biyu bayan haka na tsinci wasu kayan tarihi a wani kango, farashinsu ya fi duk abin da na taɓa gani, suna ɗauke da alama mai ruwan ɗorawa. Yaron ba ya gida, na loda su na nufi Jemison ina raha. Ina isa sai jami'an tsaro suka ce a tsaya a yi binciken kumbo, ashe alamar nan tana nufin haramtattun kaya ne, kuma duk mai shiga manyan biranen sai an haska rumbunsa. Na nemi maɓallin da ake cewa ranka ya daɗe a yi haƙuri, babu shi. Aka kwashe ni zuwa wani ƙaton jirgin yaƙi mai suna Vigilance, inda wani Kwamanda Ikande ya zaunar da ni ya ce ko in biya laifina, ko in shiga cikin 'yan fashin Crimson Fleet in riƙa kawo masa rahoto. Ni da ban taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, ga ni na zama ɗan leƙen asiri saboda tulu biyu. Da yaron ya dawo ya ce da na tambaye shi, da ya kai ni wata tasha mai suna The Den a tauraruwar Wolf, inda ba a bincike kuma ake sayen irin waɗannan kaya. Na ce masa ina so in san inda ya koyi hanyar fasa-ƙwauri haka tiryan-tiryan, ya ce a wasan ne kawai, na ce to Allah ya sa.

Ranar Juma'a da daddare muna cin tuwo, ina ba shi labarin cewa na je na gaida iyayena a New Atlantis, sun karɓi kason makon nan, kuma Saratu ta huce har ta yaba da yadda na yi magana da wani mutum. Uwargida ta ajiye kwanon miya a hankali ta ce, "Alhaji, kwana huɗu ke nan ina jin sunan wata Saratu a bakinka da tsakar dare, yau kuma har an kai ga zuwa wurin iyaye da aika kuɗi. 'Yar wace unguwa ce?" Na fara bayanin cewa mace ce ta cikin kwamfuta, ba ta da rai, kuma tana zaune a shekarar 2330, bayanin da ni kaina da na ji shi a kunnena ban gamsu ba. Na juya ga yaron domin ya cece ni, shi kuwa da gaskiyarsa ta ɗalibai ya haɗiye lomarsa ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya, a wasa take. Amma idan Kawu ya ci gaba da kyautata mata, wasan yana ba da damar ya aure ta."

Wayar wutar kwamfutar tana cikin akwatin uwargida tun daren, an kulle da kwaɗo. Mutumina kuwa na bar shi tsaye a filin saukar kumbo na New Atlantis da tukwanen fure 11 da ban samu mai saye ba, kuma ban tuna ko na danna F5 ba.