Baffa Mai Aure 14 Ya Zo Sulhu

Malam: To, bismillah. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata, a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Wa ke tsaya wa yaron nan?

Baffa: Allah gafarta Malam, ai tambayar ma ba ta taso ba. Duk zuri'armu babu wanda ya san aure kamar ni. Aure 14 na yi.

Malam: Ma sha Allah. Nawa ne a gidan yanzu?

Baffa: Yanzu ina ɗan hutu.

Malam: Ɓangaren yarinya fa?

Aka taɓo Kawu, wanda tun wajen salati ya fara gyangyaɗi. Ya buɗe ido ɗaya ya ce a yi haƙuri, zaman duniya sai haƙuri, ya mayar da idon ya rufe. Iyakar fiƙihunsa ke nan, kuma da shi ya halarci zaman sulhu ya fi a ƙirga.

Gwaggo (daga bayan ƙyaure): Ni ce dai zan yi magana, wannan ko sunan yarinyar bai riƙe ba!

Malam: Hajiya, a littattafanmu na Malikiyya hakami, wato mai sulhun da ayar ta ambata, namiji ne, adali, wanda ya san hukuncin abin da aka tura shi. Amma kunnenmu na wurinki.

Baffa: Ka ji ko? Adali, masani. Kamar da ni aka rubuta.

Malam: Ango, me ya faru?

Ango: Malam, saƙo na tura mata a waya, na ce ta tafi gidansu sai na neme ta.

Malam: Kana ina lokacin?

Ango: Ina falo.

Malam: Ita fa?

Ango: Tana ɗaki.

Baffa: Yawwa ɗana! Ni a zamanina sai na nemi takarda, na nemi biro, na nemi yaron da zai kai. Kafin a kai ma wani lokaci na huce, an yi asarar takarda. Yanzu kuwa ci gaba ya zo.

Malam: Baffa, sulhu aka kira ka.

Baffa: Shi nake yi. Shimfiɗa ce.

Malam: Ango, wannan lafazin kinaya ne, wato bai fito fili da saki ba, sai an ji niyyarka. Da ka rubuta, saki ka nufa?

Ango: Wallahi a'a. So nake ta ji tsoro ta ba ni haƙuri. Kafin in ɗaga kai ta haɗa akwati.

Baffa: Ce masa saki ɗaya ne! Namiji ba ya tura saƙo a banza. Ta ukuna haka ta yi mini, ta shida ma haka. Ta bakwai kuwa, Allah ya jiƙan rai, tana nan da ranta amma Allah ya jiƙan rai, uku na ba ta a numfashi ɗaya.

Malam: Daga baya fa?

Baffa: Daga baya na zaga malamai takwas ina neman wanda zai ce iska ce ta kwashe biyu. Duk suka ce sai ta auri wani. Na samo wani abokina zai yi mini kisan wuta...

Malam: Wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa.

Baffa: Ai la'anar ta kama shi, Malam. Yau shekara 19 bai sake ta ba. 'Ya'yansu biyar.

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Masu zama da shi sun san idan ya yi haka, istigfari yake yi a madadin wani.

Malam: A rubuta: babu saki. Kuma ko da sakin ne, aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da su daga gidajensu, su ma kada su fita. A ɗakinta take idda, yana ciyar da ita, ko Allah zai sa a shirya. Wannan "tafi gidanku" da kowa ya haddace, ban san a wace sura kuka samo shi ba.

Baffa: Ni dai a bakin magabata na ji.

Malam: Ango, kafin ɗaurin aure wane shiri ka yi?

Ango: Wata uku cur, Malam. Hotuna kala huɗu, katin gayyata, ga koyon rawar shiga da abokai kullum da yamma.

Malam: Babin nikahi fa? Ko na Risala? Haƙƙinta a kanka, ci da tufafi da wurin zama, ka zauna gaban wani ya karanta maka?

Ango: Baffa ya ba ni darasi, daren jajibiri.

Baffa: Kyauta kuwa! Ƙa'ida uku. Kada ta ga haƙoranka. Kada ta san abin da kake samu. Kalmar "yi haƙuri" kuwa, ko a mafarki ta zo maka, ka farka ka yi tofi.

Malam: Aya fa, ka koya masa ko ɗaya?

Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya har sau biyu, ya ɗaga yatsa sama.

Baffa: Biyu-biyu, uku-uku, huɗu-huɗu!

Malam: Ƙarasa.

Baffa: Sadaƙallahul azim.

Malam: Ba a nan ta tsaya ba. Ta ce idan kun ji tsoron ba za ku yi adalci ba, to ɗaya.

Baffa: To ni ban taɓa jin tsoro ba.

Abin haushin, rabin ayar nan ko wanda bai iya Fatiha daidai ba ya iya shi da tajwidi. A ce mutum ya zauna sati biyu ya koyi zaman aure kafin a ba shi 'yar mutane, sai ya ce an kawo bidi'a, amma ya yarda ya yi wata uku yana koyon juyi a gaban mai hoto.

Malam: Amarya, ke me ke ranki?

Amarya: Malam, ni ba rabuwa nake so ba. Wata bakwai ban taɓa ganin dariyarsa ba. Na ɗauka ciwon haƙori yake yi, har magani na sayo masa. A kan maganin ne ma ya yi fushi.

Ango: Wallahi daurewa nake yi, Malam. In ta ba da labari mai ban dariya sai in shiga banɗaki in yi abata in fito.

Malam: An tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Shi ne kuma ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Juya ka ba ta haƙuri.

Baffa: Kada ka soma! Malam, ina da ja. A matsayina na hakami...

Malam: Hakamin da ayar ta yi wa alkawarin dacewa shi ne wanda ya zo da nufin gyara.

Ango: Ki yi haƙuri.

Amarya: Ya wuce. Ashe ma wushirya gare ka.

Kawu (a firgice): A yi haƙuri!

Malam: An yi, Kawu. Koma.

Baffa: To alhamdu lillahi, kun ga aikina. Da ban tsananta ba da ba su shirya ba. Malam, ina ganin ajin nan na masu shirin aure da kake son buɗewa, ni zan riƙe shi. Kai ka ji da Larabcin, ni in ji da aikin. Af, wannan baiwar Allah ta bayan ƙyaure, muryarta ta kwanta mini. Da aure a kanta?

Gwaggo: Babu, tun da ka sake ni.

Baffa: Ni?

Gwaggo: Ni ce ta tara. Kuma rabin sadakina da ka ce ajalan, yana nan a wuyanka.

Malam: Sadaki bashi ne, Baffa, ba ya ruɓewa. Zauna, tunda ga mu ga juna.

Baffa: Ta tara... mai tsawo ko gajerar?

Gwaggo: Buɗe ƙyauren ka gani.

Baffa: A'a, bar shi a rufe. Malam, ina neman a ɗaga zaman nan sai na samo wanda zai tsaya mini daga dangina.

Ango: Ga ni, Baffa.

Baffa: Kai rufe mini haƙoran nan!