Sarautar Baron a Ingila: Wace Al'ada Ce Ta Hana 'Ya Mace Gado?

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a Arewa ya san Gwamna Lugga, ya kuma ji ana maƙala masa "Lord" a gaban suna. Abin da malamai ba su cika tsayawa su bayyana mana ba shi ne, wannan laƙabi sarauta ce mai takarda da dokar gado. A 1928 Sarki George na Biyar ya naɗa shi Baron Lugard na Abinger, wani ƙauye a yankin Surrey. Da ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, sai sarautar ta bi shi kabari. Shi kuwa Arthur Richards, gwamnan da ake kiran tsarin mulkin 1946 da sunansa, an naɗa shi Baron Milverton na Legas da Clifton a 1947, kuma har yau sarautar tana gidansa, da sunan Legas a jikinta. Sharaɗin gadon mutanen biyu iri ɗaya ne: 'ya'ya maza na cikinsu, da mazan da suka haifa. Da Lugga ya bar 'ya'ya mata goma ma, da sarautar ta mutu.

Wannan ba misali ne na baki kawai ba. A 2017 Baron Braybrooke na 10 ya mutu, mutumin da ya haifi 'ya'ya mata takwas, babu namiji. Sarautar ta tsallake su duka, ta faɗa kan wani ɗan'uwa na can nesa, wanda sai an koma kakanni da yawa baya kafin a ga inda jininsu ya haɗu. Cikin masu sarautun gado wajen 800 da ke Birtaniya, sarautun da mace za ta iya gada ba su kai 90 ba.

Idan aka yi maganar gyara, amsar da masu kare tsarin suka fi bayarwa ita ce al'ada: haka muka tarar, haka kaka da kakanni suka yi. Ni kuwa ina ganin tarihinsu da kansa bai ba su gaskiya ba. Sarautun baron da suka fi kowanne tsufa a Ingila su ne waɗanda mace ke gada, kuma da ba don mata ba, da yawancinsu sun daɗe da shuɗewa.

A koma tushe. Da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya ɗauki ƙasar baki ɗaya a matsayin mallakarsa, ya yayyanka ta ga manyan mayaƙansa. Littafin ƙidayar dukiya da ya sa aka yi a 1086, wanda ake kira Domesday, ya nuna yadda mutane wajen 200 suka riƙe kaso mai tsoka na ƙasar kai tsaye daga hannun sarki. Su ne baron na farko. A lokacin kalmar ba ta nufin laƙabin ado. Baron mai riƙon ƙasa ne, wanda in sarki ya buga gangar yaƙi dole ya kawo masa adadin barade da aka yanka masa, in ya kira shawara ya zo. Tunda ƙasa ce tushen abin, dokar gadon ƙasa ce ke aiki a kansa: babban ɗa namiji ya kwashe duka, in kuwa babu namiji, 'ya'ya mata su raba daidai wa daida.

Sarakuna sun san darajar magajiya, shi ya sa suka mai da aurenta haja. A 1214 Sarki John ya ɗora wa Geoffrey de Mandeville kuɗi mak 20,000, wato fam dubu 13 da 'yan kai, don ya auri Isabella ta Gloucester, wadda tsohuwar matar shi John ɗin ce. Ƙasar da ke hannunta aka saya. Irin wannan tatsa na cikin abin da ya harzuƙa baron-baron har suka ɗauki makami, suka tilasta wa John ya amince da Magna Carta a filin Runnymede a 1215. Tun a sassanta na farko aka kafa cewa magajin baron fam 100 kawai zai biya ya karɓi gadonsa, kuma ba za a tilasta wa matar da mijinta ya mutu ta sake aure ba. Aka zaɓi baron 25 su sa wa sarki ido. Ɗaya daga cikinsu sunansa Robert de Ros. A riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

A ƙarni na 13 sai aka fara aika wa manyan mutane takardar kira zuwa majalisa, kowa da sunansa. Simon de Montfort ya aika irinta a 1264 lokacin da yake riƙe da Sarki Henry na Uku, Edward na Ɗaya ya yawaita ta, musamman daga 1295. Daga baya lauyoyi suka kafa cewa duk wanda ya sami wannan takarda, ya kuma zauna a majalisar, ya zama baron, kuma magadansa, maza ko mata, suna gadon sarautar. Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta ko da za ta rage wa hujjata kaifi: sarakunan da suka aika takardun ba su yi nufin kafa sarautar gado ba, shawara da haraji suke nema. Sai a 1674, a shari'ar sarautar Clifton, aka tabbatar da wannan fahimta a hukumance. Amma a duba wadda ta kai ƙarar: mace ce, Katherine O'Brien, kuma ta yi nasara. Alƙalan ba su ƙirƙiro haƙƙinta daga iska ba, dokar gadon ƙasa da aka saba da ita tun zamanin Norman suka bi.

Takardar naɗi, wadda ke rubuta wanda zai gada ƙarara, ta zo daga baya. A 1387 Richard na Biyu ya fara yin baron da ita, inda ya naɗa John Beauchamp na Holt, wanda ko shekara bai yi da sarautar ba aka sare masa kai. Sannu a hankali wannan hanya ta zama ita ce ƙa'ida, da sharaɗinta na maza zalla. A 1660 majalisa ta soke riƙon ƙasa a madadin aikin soja, a 1861 kuma shari'ar Berkeley ta rufe ƙofar cewa mallakar wani tsohon gida ko fili na iya mai da mutum baron. Saboda haka masu tallar "sarautar baron ta Ingila" a intanet, da takarda mai hatimi da zanen garkuwa, ba abin da suke sayarwa sai takardar. Kada wani mai kuɗinmu ya ruɗu.

Yanzu mu koma kan de Ros, wadda ake lissafawa a matsayin uwar sarautun baron na Ingila, ana ƙidaya ta daga 1264. Namijin ƙarshe mai ɗauke da sunan gidan, Edmund, ya mutu a 1508 ba ɗa. Da dokar Lugga ce a kanta, da nan labarin ya ƙare. Sai ta bi ta kan 'yar'uwarsa Eleanor ta shiga gidan Manners. Daga nan mace ta kai ta gidan Cecil, wata ta kai ta gidan Villiers. A 1806 aka miƙa ta ga Charlotte Boyle, ta shiga gidan FitzGerald. A ƙarni na 20 kaɗai mata uku suka riƙe ta a jere, daga 1907 zuwa 1983, kafin ta koma hannun namiji a gidan Maxwell. Sunan gida ya yi ta sauyawa, sarautar ba ta mutu ba, ta haura shekara 750. Wanda ke son tsohon abu ya ɗore, ga hanyar da ya ɗore.

Sai dai tsohon tsarin yana da nasa ciwon, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Gona tana rabuwa, amma hular sarauta ba ta rabuwa. Hular baron, mai ƙwallayen azurfa shida a kewaye, kai ɗaya take hawa. To in baron ya mutu ya bar 'ya'ya mata uku, doka ta ce dukkansu daidai suke, babba ba ta fi ƙarama ba. Sai sarautar ta tsaya a rataye: ba ta mutu ba, ba ta kuma hannun kowa. Haka za ta zauna har zuriyar sauran ta ƙare a bar gida ɗaya, ko kuma sarki ya ga dama ya zaɓi ɗaya cikin magadan. Mu da muka san masu zaɓen sarki, za mu ce ai sai a zauna a fitar da wanda ya cancanta kafin a yi sadakar bakwai. Su ba su da wannan majalisa, kuma babu wa'adi.

Ga abin da rashin wa'adi ya haifar. Henry, Baron Grey na Codnor, ya mutu a 1496 bai bar ɗan halak ba. Gadon ya koma kan gwaggonninsa uku. Suka mutu, 'ya'yansu suka mutu, gidan sarautar Codnor a Derbyshire ya zama kufai. Ingila ta bar cocin Roma, ta sare kan sarkinta, ta kafa daula har ta iso Sakkwato, ta rasa daular, sarautar tana nan rataye. Sai a 1989 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sauko da ita, ta ba Charles Cornwall-Legh, dattijo ɗan shekara 86 daga zuriyar ɗaya cikin gwaggonnin nan. Shekara 493. Sarautar Camoys ma ta rataya daga 1426 zuwa 1839. Da abin ya yi yawa, masu kuɗi suna ɗaukar masana asali suna tono musu kakanni, sai wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Lord Sumner ya ba da shawara a 1927 cewa a daina duba sarautar da ta wuce shekara 100 a rataye. Ta Codnor ta tsira ne don an shigar da buƙatarta kafin nan.

Wato Ingila tana da dokoki biyu, kowace da cutarta. Ɗaya ta rufe wa mace ƙofa gaba ɗaya. Ɗayar ta buɗe mata, amma ta sa 'yar'uwarta ta zama mata shinge.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina ruwan biri da gada? Laƙabin 'yan boko masu gidajen gona, me zai ƙara wa talakan Ingila, balle namu? Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ɗaruruwan shekaru wannan laƙabi kujera ce a majalisar dokoki. Mace mai sarautar gado ba ta sami izinin zama ba sai 1963, shekara biyar bayan dokar 1958 da ta kawo sarautar baron ta tsawon rai kawai, wadda ba a gadonta, irin wadda aka ba Victor Adebowale, ɗan asalin Nijeriya, a 2001. Gwamnatin Tony Blair ta fitar da yawancin masu gado a 1999, ta bar kujeru 92. Kafin a dakatar da tsarin a 2024, in ɗaya ya mutu, akan yi zaɓen cike gurbi a tsakaninsu. A watan Afrilu 2016 an yi irin wannan zaɓe da 'yan takara bakwai, masu jefa ƙuri'a uku, dukkan ukun suka zaɓi Viscount Thurso, ya sami kujerar yi wa mutane sama da miliyan 60 doka. Da Countess ta Mar ta yi murabus a 2020, ba a bar mace ko ɗaya a cikin masu kujerun gadon ba. Dokar gado ce ta tace su tun daga ɗakin haihuwa.

A watan Satumba 2024 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudirin fitar da sauran. Ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, domin haihuwa ba ta isa ta ba mutum ikon yi wa wasu doka ba. Amma raba sarauta da kujera bai taɓa dokar gadon kanta ba. Gwamnati ce ke ajiye rajistar masu sarauta, hukuma ce ke tantance magaji, kuma a gidaje da dama an ɗaure filaye da gine-gine su bi duk inda laƙabin ya bi. Muddin hukuma na sa hannu, wariyar tata ce.

Hujja ɗaya ce daga ɓangaren masu adawa da nake ɗauka da muhimmanci: akwai mazan da suka girma suna jiran gado, wasu sun gina rayuwarsu a kan haka, ƙwace musu dare ɗaya ba adalci ba ne. To ai an riga an nuna yadda ake warware wannan, kuma a gida mafi girma. Dokar gadon karagar mulkin Birtaniya ta 2013 ta ce daga waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba 2011, babba shi ne magaji, mace ko namiji. Ba a taɓa matsayin manya ba, shi ya sa Gimbiya Anne take bayan ƙannenta maza har yau, amma Gimbiya Charlotte ba ta matsa wa ƙanenta Louis ba. Sifaniya ta yi wa sarautun manyan gidajenta wannan gyara tun 2006. A Ingila kuwa, Lord Lucas ya kawo ƙudirin daidaita gadon a 2013, bai kai ko'ina ba. Wasu sun biyo baya, su ma suka maƙale.

Gyaran da ake bukata gajere ne. Babban ɗa ko babbar 'ya ta gaji, daga wata rana da za a ƙayyade. Inda mata ne kaɗai, babbarsu ta ɗauka kai tsaye ba tare da jiran alfarmar fada ba. Wannan jimla ta biyu kaɗai za ta sauko da sarautar Audley, wadda aka fara da takardar kira a 1313. Baron na 25 ya mutu a 1997 ya bar 'ya'ya mata uku, sarautar ta rataya a tsakaninsu, ba don an rasa magaji ba, sai don su uku ne.